Daga Zariya zuwa Orlando: jirgin da ba shi da inji

Ƙanina da ke zaune a birnin Atlanta na ƙasar Amurka ya daɗe yana roƙona in kai masa ziyara, ni kuwa kullum ina fakewa da aiki, har Allah ya kawo lokacin da na yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, uzuri ya ƙare. Na biya dala 185 kuɗin neman biza, na yi watanni ina jiran ranar ganawa a ofishin jakadanci da ke Abuja, aka yi mini 'yan tambayoyi ta bayan gilashi, aka karɓi fasfo. A watan Yulin 2024 na bar Zariya da sassafe a motar haya zuwa Kaduna, muka ratsa shingayen jami'an tsaro da kowa ya saba da su, daga tashar Rigasa kuma na shiga jirgin ƙasa zuwa Abuja. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a sashen gyaran tarago da birki ba ya iya zaman fasinja kamar kowa, saboda haka kunnena yana kan ƙarar ƙafafun jirgin tun daga Rigasa har Idu. Daga Abuja na bi jirgin sama zuwa Legas, daga can kuma na shiga wanda ke tashi kai tsaye zuwa Atlanta, tafiyar kusan sa'a 12 a kan tekun Atlantika, wadda ba ta bar mini abin tunawa ba sai ciwon baya.

A filin jirgin Atlanta, jami'in shige da fice ya tambaye ni wurin wa na zo da kuma yaushe zan koma, ya ɗauki hotona, ya sallame ni. Wurin kwastan ne aka daɗe. Akwai wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa da ke zagaya jakunkuna yana shinshina, kuma da ya isa kan jakar wata baiwar Allah da muka taso tare daga Legas sai ya zauna, ya ƙi motsi. Kilishi ne da dambun nama ta ɗauko wa 'yarta mai jego, an naɗe su da kyau cikin takarda da leda. Doka ta hana shiga da nama irin wannan, don haka aka karɓe su gaba ɗaya, cikin ladabi amma ba tare da sauraron magiya ba. Ni da ƙanina ya riga ya gargaɗe ni, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji kawai na ɗauko, na kuma bayyana su da bakina tun kafin a tambaya. Jami'ar ta buɗe ƙullin daddawa, ta kai hanci, ta ɗan ja da baya, sannan ta mayar mini da kayana.

Zaman Atlanta zama ne na gida, hira da tuwo da barcin rana, domin agogonsu yana bayan namu da sa'a biyar kuma jiki bai yarda da sauyin da wuri ba. Yaran gidan ne suka tayar da maganar tafiya Florida. A jihar Jojiya ana komawa makaranta tun farkon watan Agusta, mahaifinsu kuma ya yi musu alkawarin kai su wurin wasa na SeaWorld da ke Orlando kafin hutu ya ƙare. Babbar 'yarsa, wadda take aji na ƙarshe a sakandare, ta zo ta zauna kusa da ni da waya a hannu ta ce, "Baffa, akwai wani jirgin ƙasa a can da ba ka taɓa ganin irinsa ba, ba shi da inji, kuma ya fi na Kaduna gudu." Na ce mata jirgin da ba shi da kai tarago ne da ya kwance, kuma a wurinmu in tarago ya kwance ya gangara shi kaɗai, sai an kafa kwamitin bincike.

Mun tashi bayan sallar asuba a motar ƙanina, muka ɗauki babbar hanyar da ake kira I-75 muka nufi kudu. Tsakanin Atlanta da Orlando kimanin kilomita 700 ne, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan hanya shi ne babu wanda ya tsayar da mu. Ba shinge, ba itace a gicciye, ba mai leƙo kai ya tambayi abin da ke cikin but. 'Yan sanda suna nan, amma a laɓe suke a gefen hanya cikin motocinsu, suna jiran wanda zai wuce mil 70 a sa'a da nisa, wato kilomita 113, kuma ƙanina ya ce tarar da ake ci ta isa ta sa mutum ya riƙa duban allon gudu kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Bayan mun wuce Macon sai ƙasa ta buɗe, gonakin auduga da na gyaɗa suka miƙe hagu da dama. Jojiya ce ta fi kowace jiha a Amurka noman gyaɗa, har a garin Ashburn sun kafa wata ƙatuwar siffar kwanson gyaɗa a kan hasumiya, ana hango ta daga titi. Na yi shiru ina kallonta, domin farkon aikina na tarar da tsofaffin da suka yi lodin buhunan gyaɗa daga dalar Kano zuwa Apapa, kuma labarinsu bai wuce yawan taragun da ake cikawa a kowace kaka ba.

Mun sha mai a wani gidan mai kusa da Warner Robins wanda famfunansa suka haura 100, muka wuce Valdosta, muka shiga Florida. A bakin iyakar jihar akwai gidan maraba da baƙi inda ake ba kowa ɗan kofin ruwan lemu kyauta, aka kuma cika kanta da takardun tallan wuraren shaƙatawa. Daga Wildwood muka sauka kan hanyar da ake biyan kuɗi, sai dai ba mu tsaya miƙa wa kowa ko sisi ba: wata 'yar na'ura da ke manne a gilashin mota ita ake karantawa daga sama, a cire kuɗin daga asusun mai motar.

Masaukinmu yana kan titin International Drive, wanda otal-otal da gidajen abinci da shagunan tsaraba suka cika shi daga farko har ƙarshe. Ɗaki biyu muka kama, kowanne sama da dala 100 a dare, ban da haraji. Da dare muka sami gidan abincin wasu 'yan Pakistan da ke sayar da naman halal, muka ci shinkafa da naman rago. Da safe kuwa a teburin karin kumallo na otal sai da matar ƙanina ta riƙa nuna mini abin da zan ɗauka da wanda zan bari, domin naman alade yana shiga abincin safensu ta fuskoki da yawa, har da wanda in ka gan shi za ka rantse tsiren kaza ne.

SeaWorld na Orlando an buɗe shi a watan Disambar 1973, shekara biyu bayan Disney ta buɗe nata wurin a yankin, kuma asalinsa gidan nuna dabbobin teku ne. Ajiye mota kaɗai ya ci sama da dala 30. Tikitin shiga ƙanina ya saye shi ta intanet tun muna Atlanta saboda ya fi sauƙi a kan na bakin ƙofa, duk da haka kowane mutum ya tashi kusan dala 100. A lokacin dala ɗaya ta haura naira 1,500, kuma da na fara lissafin mutum shida a zuciyata sai ƙanina ya lura da leɓena yana motsi, ya ce, "Yaya, don Allah ka bar canjin nan, in ka ci gaba ko ruwa ba za ka iya sha ba yau." A ƙofa aka duba jakunkuna, muka bi ta na'urar gano ƙarfe, muka shiga.

Ba mu yi nisa ba na ji wata guguwa da ihu a saman kaina. Na ɗaga ido sai ga mutane jere a kife, cikinsu yana kallon ƙasa, hannuwa a buɗe, wani abu mai faɗin fukafukai yana ɗauke da su a guje. Wannan shi ne Manta, jirgin lilon da aka buɗe a 2009, wanda aka ƙera shi da siffar wani faffaɗan kifin teku mai iyo kamar tsuntsu. Akwai inda yake karkatowa dab da wani tafki, a daidai lokacin sai ruwa ya yi feshi sama kamar fiffikensa ne ya yanki ruwan, alhali famfuna ne aka saita da zuwansa. A ƙarƙashinsa akwai ɗakunan gilashi masu sanyi da duhu cike da dangin wannan kifi, kuma ina ganinsu na gane su. Lokacin da aka tura ni aiki Makurɗi, masunta a bakin kogin Binuwai sun taɓa nuna mini kunamar ruwa, faffaɗa kamar faifai da doguwar jela mai ƙaya, suna tsoron taka ta cikin yashi fiye da yadda suke tsoron kada. Ga 'yan uwanta nan na teku, wasu sun ninka ta girma, yara suna manna fuska a gilashi suna kallon farin cikinsu.

Haka na sake cin karo da ayu. A ƙasar Hausa kowa ya san sunan man ayu a bakin masu magani, amma kaɗan ne suka taɓa ganin dabbar da ransu. A nan ga su a cikin wani babban kududdufi, jibga-jibgai masu sanyin hali, suna tauna ganyen latas da ake zuba musu. Irin na Florida ne, ɗan uwan wanda ke kogin Neja da Binuwai. Yawancinsu marasa lafiya ne da aka ceto, kuma a bayan wani na ga tabo a jere, layi bayan layi, inda farfelar kwalekwale ta sare shi. Ma'aikaciyar wurin ta ce in sun warke akan mayar da su ruwan da aka ɗauko su.

Rana ta fara zafi lokacin da muka isa ɓangaren da Mako yake, wato jirgin lilon nan da 'yar ƙanina ta ba ni labarinsa. Zafin Florida a watan Yuli ba irin na bazarar Zariya ba ne mai busar da leɓe. Gumi ne ke tsatsafowa ya ƙi bushewa, riga ta manne a baya tun kafin hantsi. An shirya wurin kamar tarkacen jirgin ruwa da ya nutse, da tsatsa ta ƙarya da igiyoyi da siffofin kifin shak ko'ina. A bakin layi akwai sanda mai alama, duk wanda tsayinsa bai kai inci 54 ba, wato santimita 137, ba ya hawa. Autan gidan ya miƙe iya miƙewa, ya ɗaga dunduniya a sace, ma'aikacin ya yi murmushi ya ce ya sauke ta, sai ga shi ya gaza da kamar yatsu uku. Kuka ya yi sosai, mahaifiyarsa ta ja shi zuwa Penguin Trek, wani ƙaramin jirgin da aka buɗe a farkon watan da muka je, wanda ke sauke mutane a ɗakin ƙanƙara na tsuntsayen fengwin.

Ni ban shiga layi nan take ba. Na ce su ba ni lokaci, na sami inuwa a inda digar take saukowa kusa da hanyar mutane, na tsaya ina duba ta da idon aiki. An buɗe Mako a watan Yunin 2016, wata guda kafin a ƙaddamar da jirgin Abuja zuwa Kaduna, kuma kamfanin Bolliger & Mabillard na ƙasar Suwizalan ne ya ƙera shi, shi ne kuma ya ƙera Manta da Kraken da ke wurin. Tsayinsa ƙafa 200, kimanin mita 61, kusan bene mai hawa 20. Tsawon digar ya kai mita 1,450, gudunsa kuma kilomita 117 a sa'a. Digar ba irin tamu ba ce mai kan da ƙafar jirgi ke zama a kai da nauyinta. Bututun ƙarfe ne guda biyu zagayayyu, an ɗaure su da walda a jikin wani ƙaton ƙashin baya mai kusurwa huɗu. Abin da na fi so in gani shi ne ƙafafun, kuma da jirgin ya rage gudu a kusa da ni na gan su sarai. A kowane gefe jeri uku ne: wasu a saman bututun suna ɗauke da nauyi, wasu a gefe suna hana shi zamewa, wasu kuma a ƙarƙashi suna riƙe shi kada ya tashi. Jirginmu nauyinsa ne da ɗan leɓen ƙafarsa ke tsare shi a kan layi, shi ya sa in direba ya shiga kwana da gudun da ya wuce ƙa'ida sai ya sauka. Wannan kuwa ya rungume digar ta sama da ƙasa da gefe, ba shi da hanyar fita sai in ƙarfe ne ya tsage.

Sauran tsarin duk na san shi, domin daga wurinmu aka aro shi. An raba layin gida-gida, kuma ba a barin jirgi ya shiga wani gida sai wanda ke gabansa ya fita, kamar yadda shugaban tasha ba ya sakin jirgi sai tasha ta gaba ta ba shi hanya. Bambancin kawai a nan kwamfuta ce ke riƙe da hukuncin. A ƙarshen kowane gida akwai birki a jikin digar kanta, ba a jikin jirgin ba, kuma an yi shi ne yadda in wuta ta ɗauke zai damƙe maimakon ya saki. Maganar rashin inji kuma gaskiya ce. Sarƙa ce ke jan jirgin zuwa ƙololuwar tudun farko, daga nan sai a sake shi, duk gudun da zai yi har ya dawo tasha daga wannan hawan ya samo shi, shi ya sa babu tudun da ya kai na farko tsayi. Na ari biro a wurin 'yar ƙanina na yi lissafi a bayan rasit: abin da ya faɗo daga mita 61 ba tare da wani cikas ba zai kai kusan kilomita 124 a sa'a, nasu kuma 117 ne, ragowar iska da gugar ƙafafu suka cinye. Lissafin ya zauna daidai, na ce mu shiga layi.

Layin ya ɗauke mu kusan minti 40, ana bi ta cikin wasu lunguna masu kama da cikin jirgin ruwa, da fankoki masu fesa raɓa. A gefenmu akwai wata hanya daban wadda wasu ke bi su wuce kai tsaye, saboda sun biya ƙarin kuɗi don kada su jira. Abin ya ɗan dame ni. A gida in mai kuɗi ya tsallake layi yakan sunkuyar da kai ko ya bi ta ƙofar baya, a nan kuwa an rubuta farashin a allo, kuma babu wanda ya ɗaga murya. A gabanmu akwai wani dattijo Bature mai furfura, ya girme ni, wanda ya ce tikitin shekara gare shi kuma yakan zo shi kaɗai don wannan jirgin. Da ya ji ban taɓa hawa ba ya ba ni shawara in zauna a layin baya in ina son in ji tashi sosai, ko a gaba in ina son kallo. Na zaɓi tsakiya. A bayanmu kuma iyali ne daga Barazil, ba su jin Turanci sosai, amma uwar ta nuna hulata ta yi alamar iska za ta ɗauke ta. Na cire kuben na ninke shi, na tura cikin aljihun wando na ja zif, wayoyi da tabarau kuma muka bar su a akwatin ajiya.

Jirgin tarago bakwai ne, kowanne kujera huɗu a jere, mutum 28 ke nan. Babu rufi, babu bango a gefe, babu abin da ke bi ta kafaɗa. Wani abu ne mai faɗi kawai ake janyowa ya danne cinyoyi, da ɗan maƙalli a samansa na riƙewa. Yarinyar da ta zo duba nawa ba ta fi shekarun 'yar ƙanina ba, ta danna shi ƙasa, ta ja shi sama da ƙarfi don ta tabbata ya kulle, ta wuce na gaba, haka har ƙarshe, sannan ma'aikatan duka suka ɗaga babban yatsa kafin a saki jirgin. Na karanta addu'ar hawa abin hawa, ƙanina da ke gefena ya ce amin da ƙarfi fiye da yadda na zata.

Hawan yana da tsawo, kuma a nan tsoro yake samun lokacin shiga mutum. Ina jin ƙas-ƙas-ƙas na haƙorin da ke hana jirgi komawa baya in sarƙa ta tsinke, sautin da ya kamata ya kwantar mini da hankali tunda na san aikinsa, amma tafin hannuna ya jiƙe. Ƙasar wannan yanki na Florida shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka tun daga rabin hawa ake ganin tafkuna da rufin otal-otal har iya gani. Taragun gaba suka lanƙwasa suka ɓace daga idona, na ji an fizgo mu, daga nan lissafin da na yi a bayan rasit bai ƙara amfana mini komai ba. Cikina ya taso ya tokare maƙogwaro, iska ta cika mini baki, na so in yi salati amma muryar ba ta fito ba. A ƙasan gangaren kuma sai nauyi ya dawo ninki, aka danna ni cikin kujera har wuyana ya ƙi ɗaguwa.

Abin da aka gina Mako dominsa ba juya mutum ƙasa-sama ba ne, domin ko sau ɗaya ba ya kifewa. Tuddai ne a jere, an lanƙwasa kowanne daidai da hanyar da abin da aka jefa sama yake bi, ta yadda in jirgin ya kai ƙololuwa sai jikin mutum ya rabu da kujera. Masu wurin sun ce sau tara hakan ke faruwa a zagaye ɗaya. A tudu na farko na ji mazaunina ya tashi, ƙafafuna sun bar ƙasa, abin cinyar nan kaɗai ya rage tsakanina da sararin sama, na ƙanƙame maƙallin har farcena ya yi fari. Can wajen na uku sai na lura cewa tashin ba fizga ba ne, a hankali yake zuwa ya daɗe kaɗan sannan ya ajiye mutum, kuma babu girgiza ko kaɗan, babu ƙarar gaɓar diga irin wadda kunnena ya saba da ita. Na ji 'yar ƙanina tana ihu, "Baffa, saki hannunka!" Na saki ɗaya. Birkin tsakiya ya ɗan rage mana gudu, muka karkata ta saman kawunan masu tafiya, muka shafi gefen tafki, sai ga mu a tasha. Duka bai fi minti uku ba.

Da na miƙe gwiwoyina ba su amsa da wuri ba, sai da na dafa kafaɗar ƙanina, wanda shi ma fuskarsa ta yi fari duk da cewa ba yau ya fara ba. A hanyar fita akwai allunan da ke nuna hoton da aka ɗauki kowa a tsakiyar gangare, kuma yara sun dage sai an sayi nawa. Bakina a buɗe yake, gemu ya rabu biyu. Kraken mai kifewa sau bakwai da Pipeline wanda ake hawa a tsaye, yaran suka je su kaɗai, ni na ce na ga abin da na zo gani.

Kusa da wurin akwai wata hanya ta gilashi da ke ratsa ƙarƙashin ruwa, kifayen shak suna wucewa ta saman kai, ana ganin haƙoransu da fatar cikinsu. Na tambayi wani ma'aikaci wanne ne mako a cikinsu, ya ce babu shi. Kifin da aka sa wa jirgin sunansa shi ne mafi gudu a duk dangin shak, ɗan tsakiyar teku ne da ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma ba ya daɗewa da rai in aka tsare shi a tanki. Tun 2019 yana cikin jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu, saboda kamun da ake yi masa don nama da fukafukansa.

Abincin rana soyayyen kifi da dankali muka ci, shi ne abin da hankali ya fi kwanciya da shi, kuma kwano ɗaya ya kusa dala 20. Ruwan roba ya kusa dala 5, amma matar ƙanina ta san cewa in ka roƙi kofin ruwan ƙanƙara a kanta ana bayarwa kyauta. Muna cikin ci hadari ya haɗo daga yamma, baƙi ƙirin, irin na tsakiyar damina. Tun kafin ɗigo ya sauka aka tsayar da jiragen lilon duka, aka sanar cewa an hango walƙiya a kusa, mutanen da suka yi kusan sa'a a layi suka fito ba gardama. Yankin nan yana cikin wuraren da tsawa ta fi yawa a Amurka, kuma ƙarfe mai tsayin mita 61 ba wurin zama ba ne a irin wannan lokaci. Ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya, muka fake a wata rumfa, muka yi amfani da damar muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru a wani lungu, a kan tawul ɗin da muka zo da shi. Babu wanda ya tanka mana, sai wani yaro da ya tsaya yana kallo har uwarsa ta ja shi. Da aka ɗauke ruwa na lura sai da suka saki jirgin ya zagaya ba kowa a ciki kafin su sake ɗaukar mutane.

Da yamma muka shiga babban filin da ake nuna oka, manyan dabbobin tekun nan masu baƙi da fari waɗanda sunan wurin ya ginu a kansu shekara da shekaru. Girmansu ya wuce yadda hoto ke nunawa, kuma in ɗaya ya buga jela sai layukan gaba su jiƙe sharkaf. Masu horar da su ba sa shiga ruwa tare da su yanzu. A 2010 wani daga cikinsu ya halaka wata mai horarwa a wannan wuri, a 2013 aka fitar da wani fim na bincike da ya jawo wa kamfanin suka mai yawa kan tsare irin waɗannan dabbobi, a watan Maris na 2016 kuma kamfanin ya sanar da daina kiwata su don haihuwa, wato waɗanda ke nan su ne na ƙarshe. Wata uku bayan sanarwar aka buɗe Mako, sannan wasu jiragen lilon suka biyo baya: Ice Breaker a 2022, Pipeline a 2023, Penguin Trek a 2024. A ganina lissafin kasuwa ne a fili: ƙarfe ba ya ciwo, ba ya cin kifi kullum, ba kuma wanda zai yi zanga-zanga dominsa. Ni kaina na fi samun natsuwa a gaban jirgin fiye da gaban tankin, domin dabbar da aka halitta don ta ratsa teku tana zagaya wuri ɗaya ba abin da ido ke son daɗewa a kansa ba ne.

Washegari muka kamo hanyar Atlanta, cunkoson motoci ya riƙe mu a kudancin birnin har bayan magariba. Ƙanina bai yarda ya gaya mini jimillar abin da ya kashe ba, amma da na haɗa masauki da tikiti da mai da abinci a raina, na ga ya haura dala 1,000 da nisa.

Bayan na dawo Zariya na kai hoton bidiyon da 'yar ƙanina ta ɗauka daga ƙasa majalisar da tsofaffin abokan aiki ke zama a Sabon Gari. Wani tsohon direba ya kalla har ƙarshe ya ce shi bai ga jirgi ba, tunda ba kai, ba direba, kuma inda ya tashi nan ya dawo bai kai kowa ko'ina ba. Wanda ya yi aikin sigina kuwa ya karɓi wayar ya riƙa tsayar da hoton a kan birkin tsakiya, yana tambayata nisan da ke tsakaninsa da tasha da kuma jirgi nawa suke saki a lokaci ɗaya. Na ce masa a ranar biyu na gani a kan layi, ya ce to lallai gidajen sun fi uku, ya jawo takarda ya fara zanawa.